Ba gina madatsa ne wuya ba

Duk lokacin da ambaliya ta yi ɓarna sai ka ji ana kiran a gina katafaren dam. Ni dai ƙananan madatsun ƙasa, waɗanda ake tare bakin rafuka da su tun daga sama, sun fi kwanta mini a rai. Aikinsu ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama ya sauko da ƙarfi, madatsa ta riƙe shi, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta bututu. Ruwan da zai afka wa gari cikin sa'o'i sai ya ɗauki kwanaki yana wucewa.

Amurka ta daɗe da gwada wannan. A 1948 aka kammala ta farko a rafin Cloud Creek, jihar Oklahoma, aka yi doka a kai a 1954, yanzu jihar kaɗai tana da sama da 2,000. Yawancinsu shekara 50 aka ƙiyasta musu, kuma da dama sun zarce.

To nan fa gizo ke saƙa. Madatsar ƙasa tana tsufa kamar mutum. Laka da yashi suna cika cikinta har wurin ajiye ruwan ya ragu. Bishiya ta tsiro a jikinta, kowa na murna da inuwa, alhali ranar da ta mutu saiwarta ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Gafiya ta haƙa rami. Itace da shara su toshe bututu. Mutane kuma, ganin an daina ambaliya, su gangaro su yi gidaje a ƙarƙashinta, inda da can ba mai gigin kwana.

A Satumban 2023 madatsu biyu suka ɓalle a saman birnin Darna na Libiya, dubbai suka mutu, bayan an shafe shekaru ba a gyara su ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda zai gina, ya fara gaya mana wa zai sare bishiyoyin, wa zai yashe lakar, kuma da kuɗin wa.

In kana kusa da irin wannan madatsa, zagaya bayanta bayan an ɗauke ruwa. Ɗan tsattsafo garai-garai an saba ganinsa. Amma in ka ga yana ɓuɓɓugowa da laka, jikin madatsar ne ruwan ke kwashewa. Ka sanar da hukuma nan take, ka kwashe iyalinka zuwa tudu.