Abin da na tarar a Darussalam

'Yan'uwa masu shirin zuwa Tanzaniya karatu ko fatauci suna ta tambayata yadda zaman nan yake, to bari in amsa wa kowa a nan. Wanda ya sauka Darussalam da Turanci kaɗai ba zai kwana da yunwa ba, amma zai daɗe yana baƙo. Da Suwahili ake kwana a garin nan, da shi ake tashi, kuma duk sauran abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Gaisuwa ce ta fara kwantar mini da hankali. Yaro ba ya wuce babba sai ya ce shikamoo, babban ya amsa da marahaba. Ba a faɗa wa gidan mutum sai an tsaya a ƙofa an ce hodi an jira izini. A kanti ma sai mutum ya ce naomba, yana roƙo, alhali da kuɗinsa zai biya. Bahaushe da ya tashi da "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" ba zai sha wuya a nan ba. Inda za mu kula shi ne murya. Mu mun saba ciniki da zafi, ana ɗaga murya ana rantsuwa, a ƙarshe a rabu ana dariya. Su a wurinsu wannan faɗa ne, sai ka ga mai kaya ya yi shiru ya kau da kai. Ka sassauta harshe, farashin ma zai sassauto.

Sai lissafin lokaci, wanda ya kamata kowa ya riƙe tun kafin ya hau jirgi. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a bakinsu, sha biyun rana kuma ƙarfe shida. Idan mai mota ya ce ku haɗu saa mbili da safe, takwas yake nufi. Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, fitowar rana da faɗuwarta ba sa gusawa sosai duk shekara, shi ya sa lissafin ya zauna musu daram.

Gida kuwa sai ta hannun dillali. Da wata ake faɗin kuɗin haya, amma yawancin masu gidaje na wata shida suke so a dunƙule, dillali kuma ya karɓi na wata guda. Wutar lantarki ta kati ce, LUKU suke ce mata, a waya ake saye. Kusan komai ma a waya ake biya, ga masu M-Pesa a kowane lungu, kuma dole a so hakan tunda takardar kuɗi mafi girma ta shilin 10,000 ce. Zafin garin na bakin teku ne, gumi ba ya bushewa, babu hunturu babu ƙurar da muka sani. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, saboda haka kafin ka biya haya ka tambayi maƙwabta ko unguwar tana ambaliya.

A titi ta hagu ake tuƙi, a kula wajen tsallakawa. Akwai daladala, wato ƙananan bas-bas na haya, akwai bajaji da bodaboda, wato keke mai ƙafa uku da acaɓa, sannan dogayen motocin mwendokasi da suka fara aiki a 2016 a kan hanyarsu ta daban daga Kimara zuwa Kivukoni. Kasuwar Kariyako ita ce matattarar 'yan kasuwa, har daga Kwango da Zambiya da Malawi ake zuwa sari. Ka tafi da jakarka, an hana ledar zuba kaya tun Yunin 2019.

Abinci ne wurin da kewar gida take kama mutum. Ugali tuwon masara ne mai tauri, ana cin sa da wake ko ganye ko kifi. Shinkafa da ruwan kwakwa ake dafa ta, yaji kuma a gefe ake ajiyewa ga mai so. Mishkaki, wato tsirensu, yana da daɗi, sai dai babu ƙuli-ƙuli a jikinsa. Wanda ba ya iya sati ba miyar kuka ya ƙullo kukarsa da daddawarsa. Amma ni ban ga abin raini ba a shayin safe da maandazi, wani irin fanke nasu, ko gahawa mai ɗaci da ake sha a 'yan ƙananan kofuna a bakin masallaci bayan la'asar. A masallacin za ka lura mutanen bakin teku Shafi'awa ne: liman yana bayyana bisimilla, a Asuba kuma ana ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u. Ka bi limaminka, ba wurin gardama ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Ƙasar nan tana da ƙabilu fiye da 120, ga Musulmi ga Kirista, amma sai ka daɗe da maƙwabci bai tambaye ka ƙabilar wane ba. Julius Nyerere, shugaban ƙasar na farko, tun daga samun 'yancin Tanganyika (babban yankin Tanzaniyar yau) a 1961, ya tsaya a kan Suwahili ya zama harshen ƙasa, ya shiga makarantun firamare, ya shiga ofis. Yau 'yan majalisa a Dodoma, babban birnin ƙasar, da shi suke muhawara, kuma mai sayar da tumatir tana saurare a rediyo tana gane abin da ake cewa a kan harajinta. Jaridu irin su Mwananchi da Nipashe suna fita kullum, direban bajaji yana karantawa. Tsohuwa tana shiga asibiti ta faɗi ciwonta da bakinta, ta karanta allon da ke bango, ba ta neman jikanta ya yi mata tafinta. Wallahi duk lokacin da na ga haka sai na tuna iyayenmu mata da ake miƙa wa takarda su dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba.

Na san akwai bambanci. Suwahili bai kasance harshen wata babbar ƙabila mai rinjaye ba, shi ya sa kowa ya karɓe shi ba tare da tsoron danniya ba, kuma ba haka lamarin Hausa yake a Najeriya ba. Su ma ba su gama da matsalar ba, domin yaro yana gama firamare da Suwahili sai sakandare ta juye masa zuwa Turanci, abin da masanansu suka daɗe suna kuka da shi. Ban ce a ɗora wa kowa Hausa ba. Amma a Kano da Katsina da Sakkwato, inda kusan kowa yake jin ta, mene ne ya hana takardar asibiti da fom ɗin banki da bayanin kasafin kuɗin jiha su fito da Hausa? Marubuta muna da su, masu fassara muna da su, jami'o'inmu sun daɗe suna yaye masu digiri a harshen.