Ku daina tone albasar nan, ba mutuwa ta yi ba

Jama'a yau dai sai na yi magana a kan jan furen nan mai dogon gashin baki da Turawa ke kira spider lily, wato furen gizo-gizo, a kimiyyance Lycoris radiata. Kusan duk wanda na ji yana ƙorafin wai ya shuka bai yi ba, in ka bi diddigi sai ka tarar furen ba shi da laifi, gajen haƙurin mai lambun ne kawai. Ni ma na tafka wannan wautar shi ya sa nake faɗa da ƙarfi.

Shekarar farko albasar furen, wato curin gindinsa mai kama da albasa da ake shukawa, guda 12 na binne a gindin wata bishiya. Ganye ya fito siriri kore shar da wani layi fari-fari a tsakiyarsa, ina ta murna, zafi na shigowa sai ya yi rawaya ya kwanta ya bushe ƙayau. Na ce shi ke nan an cuce ni. Na ɗauko fartanya na tono guda 5, sai ga su ɓul-ɓul lafiyarsu ƙalau, kunya ta kama ni na mayar na rufe. Wallahi biyar ɗin nan sai da suka shekara biyu suna fushi da ni ko fure ɗaya babu, sauran bakwan da ban taɓa ba su ne suka fara yi.

Abin da mutane ba su gane ba, shi wannan furen komai nasa a juye yake. Lokacin zafi barci yake yi a cikin ƙasa. Wajen watan Satumba in an samu ruwa mai ƙarfi sai kawai ka wayi gari ka ga sanda tsirara ta ɓullo ba ganye ko ɗaya, cikin 'yan kwanaki ta kai santimita 30 zuwa 60, ta buɗe ja jawur kamar an kunna wuta. Sai fure ya faɗi sannan ganye ke fitowa, ya yi duk lokacin sanyi yana tara wa albasar abinci. To wannan ganyen da kake gani kamar ciyawa kana bi da almakashi ko injin yanke ciyawa wai kana gyara, furen baɗi kake yankewa, ka sani.

A kudancin ƙasar Amurka har hurricane lily suke ce masa don yana fitowa ne lokacin guguwa da ruwa. Asalinsa kuwa daga China ne ya shiga Japan, can suna kiransa higanbana saboda yana buɗewa daidai lokacin da dare da rana ke yin daidai a ƙarshen Satumba, kuma irin da ya bazu a Japan ɗin ba ya yin 'ya'ya sam, ta albasa kawai yake yaɗuwa. Don haka mai jiran ya tara iri ya daina wahalar da kansa.

Shukar ba wuya. Kar ka zurfafa rami, wuyan albasar ya zo daidai da fuskar ƙasa, tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Inda rana ke duka sosai gara wurin da ke samun hasken safe da inuwar la'asar. Kuma don Allah lokacin barcinsa a rage ban ruwa, tausayin nan na kullum a zuba a zuba shi ke ruɓar da albasa. In sun cunkushe bayan shekara 4 ko 5 sai a raba, amma sai ganye ya gama bushewa, kuma a mayar da su ƙasa nan take kar saiwar ta bushe.

Gaskiya ɗaya da masu sayarwa ba sa son faɗa, jan yana son ɗan sanyi-sanyi a shekara. In wurinku zafi ne ba sassauci daga Janairu har Disamba, ni dai shawarata ka nemi ɗan uwansa mai ruwan ɗorawa, Lycoris aurea, ya fi sabawa da wuri mai ɗumi.

Sai maganar guba, wannan ba wasa ba ne. Albasar tana da wani sinadari lycorine, shi ya sa a Japan ake shuka shi a gefen gonakin shinkafa da maƙabartu don ɓeraye da sauran dabbobi masu haƙa rami su nisanci wurin. Amma fa kamarta ɗaya da ƙaramar albasar ci, kar a kuskura a ajiye ta a kicin ko inda yara za su kai hannu.

Ni yanzu duwatsu na jera na kewaye wurin, don in ganye ya bushe fili ne fetal ba alamar komai, kuma na san halina da fartanya.