Kafin ka liƙa ayar Amos a kan hoton gidan da bom ya rusa

Yan uwana masu bi, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗa ko da wasu za su ji haushina. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba 2023 nake ganin mutanenmu, har da waɗanda muke zama benci ɗaya da su a coci, suna ɗauko hoton benen da bom ya niƙe su liƙa masa Amos sura 1 aya 7, inda Ubangiji ya ce zai aika da wuta a kan garun Gaza, sai ka ga ana ta Amin Amin wai annabci ya cika. A ƙarƙashin ɓaraguzan nan fa akwai jarirai da tsofaffi. Don Allah ka karanta surar daga farkonta kuwa, ko dai aya ɗaya aka turo maka a WhatsApp kai ma ka tura gaba?

Shi Amos ɗin nan makiyayi ne daga Tekowa, wani ɗan gari kudu da Baitalami, yana kiwo yana kuma kula da itatuwan ɓaure, ya yi wa'azi zamanin sarki Yerobowam na biyu, kusan shekara 750 kafin haihuwar Yesu. Gazar da yake magana a kai birnin Filistiyawa ne na wancan zamani, kuma ya faɗi laifinsu ƙarara, sun kwashe al'umma guda kakaf sun miƙa wa Edom a matsayin bayi. Wato kwasar mutane a mai da su haja. Mu da muke arewacin Najeriya ba sai an yi mana tafsirin wannan ba, mun san yadda ake shiga ƙauye da dare a kora mata da yara cikin daji sannan a zauna ana cinikin kansu a waya kamar awaki a kara. Wanda ya shiga gidajen mutane a Isra'ila a harin Hamas na ranar 7 ga Oktoba 2023 ya kwashe su yana ƙarƙashin wannan hukuncin, wanda ke kwasar mutanenmu a nan ma haka.

Amma kar ka tsaya nan, karanta surar gaba ɗaya. Dimashƙu laifinta ta sussuke mutanen Gileyad da abin sussuka na ƙarfe, katako ne mai haƙora da ake ja a kan zangarniya, ka yi tunanin a ja shi a kan mutum. Taya ta sayar da mutane ta manta alkawarin zumunci. Edom ya bi ɗan uwansa da takobi ya yar da tausayi gaba ɗaya. Ammonawa kuwa, wannan duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi, sun tsaga cikin mata masu juna biyu a Gileyad don kawai su faɗaɗa iyakar ƙasarsu. Ka lura, a jerin nan na maƙwabta ba a ce musu laifinku bautar gumaka ba, ba a ce don ba ku kiyaye Asabar ba. Abin da suka yi wa wanda ba shi da ƙarfin kare kansa a lokacin yaƙi, shi aka lissafa musu. Sai 1949 duniya ta zauna a Janiba ta rubuta yarjejeniyar kare farar hula, makiyayin Tekowa ya riga su da shekaru dubu biyu da ɗaruruwa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Mowab, farkon sura 2. Sun ƙone ƙasusuwan sarkin Edom har suka zama kamar farar ƙasa. To waye Edom? Abokin gaban Isra'ila ne, shi da kansa an gama karanta masa hukunci ayoyi kaɗan baya. Babu ɗan Isra'ila ko ɗaya a cikin wannan magana, arne ya wulaƙanta gawar arne, amma Allah ya ce ba zai bari ba. Gawar maƙiyi ma tana da mai ita. To ni da kai su waye da za mu ga gawar yaro a bidiyo mu fara tambayar ɗan wane ɓangare ne kafin mu san ko za mu ji tausayi?

Ina hango masu sauraronsa a Isra'ila suna gyaɗa kai yana ambaton maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowa na murna za a gama da maƙiya, kamar yadda muke buga Amin ɗin nan. Kwatsam sai ya juyo kan Yahuza, sannan kan Isra'ila kanta, kuma nata ya fi na kowa tsawo. Suna sayar da mai gaskiya don azurfa, talaka kuwa a kan kuɗin takalmi, suna tattake kan matalauta a cikin ƙura, suna kwanciya kusa da bagade a kan tufafin da suka karɓa jingina. A sura 3 ma ce musu aka yi tunda ku kaɗai na sani cikin dukan kabilun duniya, shi ya sa zan hukunta ku. Zaɓe bai zama lasisi ba, nauyi ya ƙara musu. Duk wanda ya ce maka Baibul ya koyar da cewa akwai ƙasar da komai ta yi a yaƙi daidai ne, tambaye shi ina ya ajiye wannan ayar.

Kuma abin ya faru fa. Assuriya ta ci Dimashƙu a 732 kafin haihuwar Yesu, Samariya, babban birnin Isra'ila, ta faɗi wajen 722 aka kwashe mutanenta. Nan ne wasu za su ce to ai ka gani, Allah na amfani da sojoji ya yi hukunci, saboda haka mai jefa bom aikin Allah yake yi. Je ka Ishaya sura 10. An kira Assuriya sandan fushin Ubangiji, amma a wuri guda aka ce kaitonta, don ita a zuciyarta hallaka al'ummai take so tana kuma taƙama da ƙarfinta. Annabi Nahum ya kira Nineba, babban birnin Assuriya, birnin jini, a 612 ta zama kufai. Ko Elisha da aka nuna masa abin da Hazayel, wanda daga baya ya zama sarki a Dimashƙu, zai yi wa yara da mata masu ciki, bai yi tafi ba, kuka ya yi a gaban mutumin.

Na san abin da zai biyo baya a ƙasan wannan rubutu, za a ce na bar layi, ko na koma bayan su wane. Na ji wannan a bakin wani dattijo da nake girmamawa, ya ce ɗana ka bar maganar nan ba taka ba ce, na ce Baba ka yi haƙuri, ni ma da ina turawa, sai ranar da na zauna na karanta surori biyun nan a jere na ji kunya ta kama ni, na koma na goge. Shi ma Amos haka Amaziya firist na Betel ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa tashi ka koma Yahuza ka nemi abincinka can, nan wurin sujadar sarki ne. Amos ya ce masa shi ba annabi ba ne ba kuma ɗan annabi ba, daga bayan garke Ubangiji ya ɗauko shi ya ce je ka faɗa wa jama'ata Isra'ila.