Wasan yaƙin tarihi: laluben kafar doka ba dabarar yaƙi ba ce

A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar jera ƙananan sojojin dalma a kan tebur, masu tsayin milimita 15 ko 28, su sake buga yaƙe-yaƙen tarihi da ɗan ludo da tef ɗin awo. Mutum zai shafe watanni yana fentin rundunar Rumawa, yana bin diddigin launin garkuwarsu. Ranar wasa kuma abokin karawarsa ya kayar da shi da wata kafa da ya hango a littafin dokoki. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗauki wasan DBA (De Bellis Antiquitatis, littafin dokokin buga yaƙe-yaƙen zamanin da), wanda Phil Barker da abokan aikinsa na Wargames Research Group suka fitar a 1990. Kowane ɓangare rukuni 12 ne, kowane rukuni a manne kan ɗan faifai mai kusurwa huɗu. Doka ta ce ba a gwabzawa sai gaban faifanka ya haɗu da na abokin gaba daidai wa daida. Sai masu wayo suka riƙa karkata sahunsu kaɗan, yadda mai kawo hari zai rasa ta inda zai daidaita nasa. Wata dokar ta ce rukunin da aka tura baya, in ya ci karo da abokan gaba, ya halaka. Sai a lallaɓa a saka gefen faifai ɗaya a bayansa, ko da faɗin farce ne. Hannibal, kwamandan sojojin Carthage, ya kewaye Rumawa a Cannae da ke Italiya a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma da mahaya dawakai da dubban mayaƙa ya toshe musu hanya. Wane kwamanda ne ya taɓa halaka runduna da kusurwar katako?

Masu yin haka suna da hujja, ban raina ta ba. A gasa, rubutacciyar doka ce kaɗai ta daidaita kowa, kuma wanda ya sha kaye yana iya fakewa da "tarihi" don ya ƙi amincewa. Rubutun Barker ma yana da sarƙaƙiya, har 'yan wasa suka laƙaba wa salon suna Barkerese. Bugu na 3.0 na DBA da ya fito a 2014 ya yi ƙoƙarin toshe irin waɗannan kafofi, sai dai kowace sabuwar jimla tana iya zuwa da tata ɓarakar.

Sojojin Farusiya (Prussia, tsohuwar masarautar Jamusawa) sun riga mu gamuwa da nauyin dokoki. Wani hafsansu mai suna Reisswitz ya gabatar musu da wasan yaƙi na horar da hafsoshi a 1824, da jadawali da lissafi mai yawa. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo tsarin da ya rage dokokin, ya damƙa hukunci ga gogaggen alƙali. Abin da nake so masu shirya gasa su yi ke nan: a naɗa alƙali, a sanar tun kafin a jefa ɗan ludo cewa yana da ikon mayar da faifai inda yake, muddin ɗan wasa ya kasa faɗin umarnin da kwamandan wancan zamani zai bayar har mayaƙansa su tsaya a haka.