Mai gani har hanji

Saƙo ya iso. Wanda aka faɗa a majalisar bakin tasha bayan isha'i, da wanda aka jefa a zauren WhatsApp cikin dare aka goge kafin asuba, duka sun iso. Ban kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma duk ƙasar Gumel an san wanda tun gasar makarantu ta bara bai sake yi mana sallama da sakin fuska ba.

Wai abotar samari biyun nan na cikin fim ɗinmu akwai lauje cikin naɗi, wai luwaɗi ake nufi. Wai yadda ɗaya ya riƙe hannun ɗaya, ya dube shi ya yi shiru, masu ilimi sun gane inda aka dosa. Mai gani har hanji ke nan. Yana daga kan benci ya hango cikin zuciyar yaran da ko sunayensu bai iya jerawa ba.

To bari a yi maganar ilimin, tunda da shi aka fake. Wasan da muka ɗauka na Shakespeare ne, The Merchant of Venice, wanda aka mayar Hausa da sunan Matsolon Attajiri. Antonio ɗan kasuwa ne, abokinsa Bassanio na neman auren Portia ba shi da abin hannu, sai Antonio ya ci masa bashin dukat (kuɗin zinariya) 3,000 a wurin mai ba da bashi Shylock, ya sa tsokar jikinsa jingina. Aboki ya tsaya wa aboki don ya yi aure. Wannan shi ne abin da ke rubuce, shi muka koya wa yara, shi suka yi.

Na san abin da aka tsinto a intanet aka zo ana yi mana burga da shi. Ƙwarai, akwai manazarta a Turai da suka daɗe suna cewa baƙin cikin Antonio ya wuce na abota. Ƙwarai, a fim ɗin 2004 wanda Michael Radford ya ba da umarni, inda Al Pacino ya fito a Shylock, Jeremy Irons ya fito a Antonio, an karkata wajen wannan fassarar, har Bassanio ya sumbaci Antonio. Zaɓin masu fim ɗin ne, su suka ƙara da hannunsu, kuma kowa ya gani da idonsa ba sai an yi masa duba ba. Akwai kuma wasan da marubucinsa da kansa ya dasa maganar. Tennessee Williams ya yi haka a wasansa na 1955, Cat on a Hot Tin Roof, tsakanin Brick da abokinsa Skipper da ya mutu. Da aka zo yin fim ɗin a 1958 da Paul Newman da Elizabeth Taylor, ƙa'idar tace fina-finai ta masana'antar fim ta Amurka ta lokacin ta sa aka share zancen, har marubucin ya ƙi jinin fim ɗin. Can akwai rubutu, akwai wanda ya goge, akwai dalilin gogewa. Mai nazari na da abin kamawa. A namu me aka kama? Hannu.

Hannu fa! Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ƙirga dattawan da ke tafe hannu cikin hannu suna cinikin sa. Tsaya a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a ka ga yadda aminai ke riƙe juna har a gama gaisuwar gida da gona da yara. Haka muka tashi muka tarar. Mai gani har hanji ya ari idon wasu ya zo yana kallon garinsu da shi, sai ga gaisuwar kakanninsa ta zame masa abin tuhuma.

Shirun da yaron ya yi kuwa, wanda ya tsone wa wani ido, ni na sa shi, kuma ina alfahari da shi. Dandamali daban, kyamara daban. A filin makaranta dole ka ɗaga murya, ka ware hannuwa, don na can baya kusa da mai rake ya ji. Kyamara kuwa tana nan dab da fuskarka, ƙiftawar ido ma ta ɗauke. Tun 1951 duniya ta ga wannan bambancin a fim guda, A Streetcar Named Desire: Vivien Leigh ta zo da gogewar dandamalin Landan, kowace kalma a daidaice, Marlon Brando kuwa yana magana ciki-ciki kamar bai san ana ɗaukarsa ba, kuma salonsa ne ya sauya yadda ake wasa a gaban kyamara. Mu ma nan gida, duk wanda ya kalli Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976 ya san natsuwa ba baƙuwa ba ce a fim ɗin Hausa. Mutumin da ke jiran a yanki naman ƙirjinsa, yana bankwana da amininsa, me ake so ya yi? Ya yi tsalle? Yaron ya haɗiye kuka, ya riƙe hannun abokinsa, gidan kallo ya yi tsit har ana jin ƙarar janareta.

Akwai wasu kuwa da har yau suke jera yara a gaban waya suna ta kwarmato kamar masu tallar maganin basir. Mai gani har hanji, amma bai ga sandar makirfo da ta leƙo cikin hotonsa ba. Mai gani har hanji, amma bai ga mutane na fita tun kafin a kai rabi ba. Wannan ban damu da shi ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne yaran. Ɗan aji biyar na sakandare ne ya fito a Antonio. Maraya ne, kawunsa ke riƙonsa. Jiya kawun ya aiko a ce kada ya sake taka wurin atisaye, yaron kuma ko shago ya kasa zuwa saboda 'yan uwansa samari sun fara yi masa wata irin dariya. Kai da ka yi karatu ka san nauyin wannan kalma a garin nan. Ka san akwai dokar tarayya ta hana auren jinsi da aka sa wa hannu a 2014, ka san akwai kotunan shari'a, ka san tun kafin a je gaban alƙali unguwa ta gama yanke hukunci. Ka san irin wannan tabo kan bi mutum har ranar da za a je nema masa aure. Da saninka ka jefa, don kawai kofi bai zo hannunka ba. Wannan ba nazari ba ne, ƙazafi ne, kuma ka fi ni sanin abin da addini ya ce a kansa.

In da ni kake, ga ni. Ka ce ban iya ba da umarni ba, ka ce hotona ya yi duhu, ka ce sautin bai fita ba, duk zan saurara. Amma ka cire bakinka daga kan 'ya'yan mutane. Gobe da la'asar zan je gidan kawun nan da littafin a hannuna, tare da limamin unguwa da shugaban makaranta, a kunna fim ɗin daga farko har ƙarshe a gaban kowa. Mai gani har hanji, an san ka san gidan. Ka zo ka nuna mana daidai wurin.