Sau Biyu Tana Zuwa Ta Uku: Magana Ga Ƙannena Masu Saurin Ajiye Sana'a

Ƙannena maza da mata, ku ara mini kunnuwanku. Abin da ke damuna da ku saurin sarewa ne. Yaro ya yi wata huɗu a shagon ɗinki, maigida ya ce aljihun nan ya karkace, farke ka sake. Shi ke nan, gobe ka ji ya koma gyaran waya, jibi yana neman jarin sayar da data. Ni ma ban tsira ba. Na ajiye koyon walda a wata na biyar don an yi mini faɗa a gaban kwastoma, har yau in na gifta masu walda sai na sunkuyar da kai.

Akwai wata 'yar Faransa, Delphine Claudel, haifaffiyar 1996 daga yankin duwatsun Vosges. Sana'arta tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. A ɗaura wa ƙafa wasu dogayen takalma sirara kamar falanki, a riƙe sanda biyu, a yi ta tunkuɗa kai kilomita goma, wani lokaci talatin, a gangara kuma a hau tudu, duk da ƙarfin jiki. Kowace shekara, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, ana yin gasar Tour de Ski, tsere kan tsere kusan kullum, a rufe da hawan dutsen Alpe Cermis a arewacin Italiya. Hanyar nan don gangarowa aka yi ta. Masu yawon shaƙatawa a keken igiya ake kai su sama, su zamo ƙasa suna dariya. Su kuwa 'yan tsere hawa ake sa su, bayan sun kwashe kwanaki suna gudu: fiye da kilomita 3 na tudu, tsayinsa ya haura mita 400. Inda ya fi miƙewa zamiya ba ta yiwuwa, sai ka ga manyan zakaru sun ware ƙafa suna tafiyar agwagwa, baki buɗe, yawu na bin haɓa. Suna tsallake layi su zube kamar an yar da buhu.

A Janairun 2021 Claudel ta hau ta zo ta uku, bayan Ebba Andersson ta Suwidin da Jessie Diggins ta Amurka. A 2022 ta dawo. Ta uku kuma, Heidi Weng ta Norway ce ta ɗaya.

To ku tsaya a nan, don nan ne maganata take. Tsakanin hawan nan biyu shekara guda ce cur ta atisaye. Da zafi babu ƙanƙara, 'yan wannan wasa takalmi mai taya suke ɗaurawa su bi kwalta, su yi gudu a tsaunuka, ba mai tafi, ba mai ɗaukar hoto. Bayan duk wannan, sakamako ya fito daidai da na bara. Da ɗayanku ne, wallahi da tuni ya ce an sa masa hannu, ko ya ce ba rabonsa ba ne. Rabo gaskiya ne, ban musa ba. Amma da yawanku ba ku daɗe a wuri ɗaya ba balle rabon ya same ku a can, kuma kun mai da kalmar mafakar lalaci.

Sannan ta san inda ƙarfinta yake. Ba a gajeren tsere ta yi suna ba, inda masu ƙarfin damtse ke cin kasuwarsu. Ita tudu ne nata, kuma ta riƙe shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai da hannunka ya faɗa a yankan yadi, me ya kai ka shagon waya, in ban da ka ga abokinka ya yi sabon mashin?

Ranar 8 ga Janairun 2023 Claudel ta sake hawa dutsen. Kada in yi muku ƙari, ba ita ta lashe gasar gaba ɗaya ba, Frida Karlsson ta Suwidin ce, wadda ta yanke jiki ta faɗi a layin ƙarshe sai da ma'aikatan lafiya suka rufa a kanta. Amma dutsen na Claudel ne a ranar, nasararta ta farko ke nan a gasar cin kofin duniya ta wannan wasa, wadda Tour de Ski ke cikinta. Heidi Weng, wadda ta bar ta a baya shekarar da ta wuce, ita ce ta iso ta biyu.