Ba raki ba ne, jijiyarsa ce take ƙuna

Na karanta abin da kuka rubuta a kan manomin nan na yankin Ringim, wanda aka yi wa allura a ɗuwawu tun farkon damina, har yau ƙafarsa tana zugi. Sannunku da ƙoƙari, likitocin Facebook! Wannan ya ce raki ne, wancan ya ce girbi yake gudu, wani kuma ya yanke hukuncin sammu, duk don ba ku ga ƙurji a fatarsa ba.

Ciwon bawan Allahn nan gaskiya ne. Idan allura ta raunata babbar jijiyar da take saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan taru a wurin domin su kwashe abin da ya lalace, kuma suna fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1 da IL-6, waɗanda suke sa jijiyar ta riƙa aika saƙon zafi ko ba a taɓa ta ba. Abin ba ya tsayawa nan, domin a cikin lakar ƙashin baya wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya sukan farka su saki sinadarin BDNF, wanda yake kwance birkin da yake danne saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa shafar wando kawai take sa dattijo mai furfura ya yi ƙara, ya kwana ƙafarsa a wajen bargo.

Masu cewa ai an ba shi diclofenac bai ji sauƙi ba, saboda haka ƙarya yake yi, ku adana hujjarku. Wannan magani hanya guda ta kumburi yake toshewa, kuma ba kasafai yake taɓa ciwon jijiya ba. Amitriptyline ko gabapentin likita yakan rubuta don ciwon jijiya, su ma sai an yi makonni kafin a ji sauƙi. Tun 1864 likitan Amurka Silas Weir Mitchell ya bayyana wannan ƙuna a jikin sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya. Su ma ragwaye ne?

Wallahi ina tausayinsa, musamman da na ji ana shirin kai shi a yi masa sakiya, wato a ƙara rauni a kan rauni. Asibiti ya kamata a kai shi tun ƙafar ba ta shanye ba.

Mu ma da namu laifin, domin mutum zai je kyamis da zazzaɓin da ƙwaya za ta warkar, amma ya nace sai allura, kuma ba ya tambaya ko mai sokar ya san cewa can saman ɗuwawu ta gefen waje ake yin ta.